Gayya da gandu: neman sunan "girid" da "kulasta" da Hausa

Jiya da yamma a teburin mai shayi a Samaru, wani ƙanena da ke karatun kwamfuta a ABU ya nuna mini yadda ya fassara grid computing, wato haɗa kwamfutocin wurare daban-daban su yi aiki ɗaya: "lissafin raga". Na ce kai, wace ragar, ta kamun kifi ko ta mai tsaron gida? Ya ce, "Yaya, haka ƙamus ya ba ni."

Ƙamus bai yi laifi ba, amma Ian Foster da Carl Kesselman, da suka yayata kalmar a 1998, ba raga suke nufi ba. Da babban layin wutar lantarki suka yi kwatance: ka jona, ba ruwanka ko daga Kainji wutar take ko daga Shiroro. Sai dai a ƙasar nan, da ka ce wa mutum "girid", faɗuwarsa zai fara tunawa. Na bar wannan.

Ni shawarata: gayyar kwamfutoci.

Duk wanda ya taɓa zuwa gayya a ƙauyukan Giwa ko Soba ya san yadda take. Kowa daga gidansa yake, da garmarsa, wani ƙarfaffa wani rabin-rabin. A raba kunya-kunya, kowa ya kama tasa, in an gama a watse, kayan kowa na hannunsa. To haka CERN, cibiyar binciken kimiyya ta Turai da ke kusa da birnin Janiba na Suwizalan, take yi da tulin bayanan gwaje-gwajenta: cibiyoyi kusan 170 a ƙasashe fiye da 40, kowace da mai ita, ana yanka musu aiki suna dawo da sakamako. SETI@home ma, shirin neman alamun halittu masu hankali a sararin samaniya da aka fara a 1999, gayya ce tsantsa kafin a dakatar da rabon aikinta a 2020: kwamfutarka ta gida tana hutawa, sai ta karɓi 'yar kunyarta ta nome.

Kulasta kuwa, wato kwamfutocin da aka haɗa wuri ɗaya suna aiki kamar guda, gandu ne. Gida ɗaya, maigida ɗaya, 'ya'ya da ƙanne suna noma gona ɗaya, amfanin kuma rumbu ɗaya yake shiga. In zazzaɓi ya kwantar da ɗaya, noma ba ya tsayawa. Tunda mun riga mun amince da "rumbun bayanai", abin ya zauna daram. Tsarin RAC da kamfanin manhaja na Oracle ya fitar a 2001 ke nan: sabobi, wato manyan kwamfutoci masu yi wa sauran hidima, da yawa a kan ma'ajiya ɗaya, in wata ta mutu sauran su ɗauki kayanta. Sai mu ce rumbun bayanai na gandu. Abin dariya, Oracle ɗin ce ta liƙa "g" ta girid a jikin sunan rumbun bayananta, 10g, a 2003, alhali yawancin abin gandu ne.

Wani malaminmu a Tudun Wada, da na kai masa maganar, ya ce, "Ɗana, me ya hana a kira kulasta gungu?" Na ce Allah gafarta Malam, gungu taro ne kawai, ko 'yan kallon dambe gungu ne, bai nuna ana aiki tare ba. Ya gyaɗa kai, amma ya kamo ni ta wani wajen: yaran yanzu "da gayya" kawai suka sani, wato da gangan, kuma ɗan Sabon Gari da bai taɓa riƙe fartanya ba, ina zai san gandu?

Wannan kam ya ɗaure ni. Ƙanen nawa dai ya riga ya goge "raga", ya ce gandu ya karɓa, gayya kuwa sai ya gwada ta a kan 'yan ajinsu ranar Litinin.