Tsohon ludon Baba da kwalin Whot

Mai Shayin Agege:
Salam jama'a. Jiya ruwa ya shigo mana ɗaki, kun dai san daminar Legas ba ta sallama, ina jan kaya sai ga ludon marigayi babanmu a ƙarƙashin gado, mai firam ɗin katako da gilashi a sama, wani mai rubutun allon shago ne ya zana masa da fenti tun muna yara. Ga kuma Whot ɗaure da roba, katin sun yi laushi kamar tsumma. Mai amsa ya amsa:

Ludon Baba na ciro cikin ƙura,
Gilas ya tsage, zane bai gushe ba.
Ja da kore, shuɗi da ruwan ɗorawa,
Gida huɗu, ko guda bai koɗe ba.
Mai fenti ya ja layi da hannunsa,
Inda ya karkace ma bai goge ba.
Na yau hoton 'yan ƙwallo ake mannawa,
Kan sallah ta zago ba ka gan shi ba.

Ɗan Albasa Mile 12:
Kawu wlh ka sosa min inda ke ƙaiƙayi, amma ni bar ni da Whot ɗin nan da alamominsa biyar: bol (da'ira), kuros, angul (mai kusurwa uku), kafet (mai kusurwa huɗu) da sita (tauraro).

Bol da kuros, angul da kafet,
Ga sita mai kirga maka sau biyu.
Babu sarki, babu fuskar kowa,
Ja irin na zoɓo shi ya ishe mu.
Bayarabe, Ibo, ɗan Zabarmawa,
Kan buhun albasa duk mun gamu.
Ba sai ka iya boko za ka gane ba,
In an ce "pik tu" miƙo hannu.

Malamin Obalende:
Ɗana baitinka ya yi, sai dai Whot ɗin da kake ji kamar a Mushin aka haife shi baƙo ne. Wani Bature William Storey ya ƙirƙiro shi a Ingila, 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya karɓa, mu ne dai muka riƙe shi har ya zama ɗan gida. Ludo ma asalinsa pachisi ne na Indiya, a 1896 Turawa suka yi masa rajista da wannan sunan. Ni kuwa zanen karta ne ke ɗaure min kai:

Ɗauko karta ka jera sarakai,
Uku da gashin baki, ɗaya babu shi.
Mai alamar zuciya ne nake nufi,
Takobi kamar ya soke a kan shi.
Juya shi sama, juya shi ƙasa,
Kai biyu gare shi, wa zai kifar da shi?

Uwar Biyu Idi-Araba:
Malam an gaishe ka, Allah ƙara sani. Amma ku maza kun cika son karta, mu gidanmu in Inna ta ga kati murhu take kai shi ta ce kayan caca ne. Abin da aka bar mana shi ne maciji da tsani, kuma har yau ban yafe wa wanda ya zana macijin nan na sama ba.

Gida ɗari, ni ina casa'in da takwas,
Na girgiza kofi ina ta murmushi.
Ɗan ludo ya faɗi ya nuna ɗaya,
Maciji ya buɗe baki, ga harshen shi.
Mai zane ya ba shi ido kamar na mutum,
Har gira, kai ka ce dariya yake shi.
Ya haɗiye ni ya tofar can ƙasa,
Yayana na tsalle, na kife allon shi.

Baban Alaba Rago:
Yara kuna ta yabon fenti da takarda. Ni abin da ya taɓa burge ni a garin nan allon ayo ne na Yarabawa, rami sha biyu, an sassaƙa katakon hannu ya goge shi har yana sheƙi. Amma mu ga namu:

Dara ba ta san mai fenti ba,
Ƙasa ce allo, yatsa alƙalami.
Gurbi talatin ka tona a inuwa,
Kara da tsakuwa su shiga rami.
Ruwa ya share, gobe mu sake,
Naku in ya jiƙe sai tagumi.

Ɗan Albasa Mile 12:
Baba a Legas ina ka ga ƙasar tonawa, ko'ina siminti da kwata 😂 Kawu don Allah kirga katin nan, 54 ya kamata su kasance har da guda biyar masu rubutun Whot da lamba 20, in sun cika zan saya.

Mai Shayin Agege:
Baba ka yi gaskiya, dara ta ci gida. Ɗan Albasa na kirga, 51 ne na asali, sauran ukun marigayi babanmu ya yanko kwalin suga ya zana da biro, ɗaya sita ce mai ƙafa shida, kowa a gidan ya san ta tun daga baya amma muna yi kamar ba mu gani ba.

Ba na sayarwa ko da kuɗin Ikoyi,
Biron Baba ne, ba ya sake zanawa.

Wa ya san mai yankan gilashi wajen Pen Cinema?