Neman shawara: Karena ya daina zuwa in na kira shi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu kiwon karnuka ku taimake ni. Ina da kare ɗan wata 7, tun yana kwikwiyo ɗan sati 9 yake hannuna. Da can in na kira sunansa, da gudu yake zuwa har yana tuntuɓe. Yanzu kuwa sai in yi ta kira, ya ɗago kai ya kalle ni, ya ci gaba da harkarsa. Da zarar an buɗe ƙofa ya fice, sai mun sha zagaye kafin in kama shi, kuma gaskiya saboda ɓacin rai nakan zane shi don ya gane kuskurensa. Amma abin sai ƙara lalacewa yake. Ga ɗanewa jikin baƙi, ga jan igiya kamar zai tsinke min hannu. Ina son karen nan, tsorona kada wata rana mota ta buge shi. Ta ina zan fara?

Wani tsohon mai kiwo ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ai ka faɗi ciwon da bakinka. Ka kira shi, ya zo hannu, ya sha duka. Abin da ya zauna masa a kai shi ne zuwa wurin maigida duka ne. Kare ba ya haɗa hukunci da laifin da ya yi minti goma da suka wuce. Abin da ya aikata daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin dukan, shi yake ɗauka ya jawo masa, kuma abin nan shi ne tsayawa ka kama shi.

Ka ajiye bulala daga yau. Ka fara a cikin ɗaki, inda babu abin da zai ɗauke masa hankali. Ka tsuguna, ka ce "zo" sau ɗaya tak da sakin murya, yana isowa ka ba shi lada, wato ɗan abin ci, nan take, ka shafa shi, sannan ka sake shi ya koma wasansa. Sakin nan yana da muhimmanci, domin in kullum kira na nufin ɗauri ko wanka, zai riƙa gudunsa. In ya iya a ɗaki, ku koma tsakar gida, daga nan waje, amma da doguwar igiya mai kamar mita 10. Ranar da ya kuɓuce kuma kada ka bi shi da gudu, a wurinsa wasa ne. Ka kira shi ka juya ka ruga wani ɓangaren, sau da yawa shi zai biyo ka. Ko ya ɓata maka awa guda, in ya dawo da ƙafarsa, lada zai samu.

Wani ya ce:

Ni fa ban gamsu ba, Malam. Kare in bai ji tsoronka ba raina ka zai yi. Nawa da bulala na gyara shi.

Wata likitar dabbobi ta amsa masa:

Ɗan'uwa, duka yana iya sa kare ya yi laƙwas a gabanka, amma ba ya nuna masa abin da ake so ya yi. Kuma karen da ya saba da duka yakan ji tsoron hannun mutum, sai wata rana yaro ya miƙa hannu zai shafa shi, ya kai masa cizo. Wannan shi ne abin da ya fi damuna.

Mai tambaya, ka kwantar da hankalinka. Daga wajen wata 6 har zuwa wata 18 kare yana cikin tashen balaga, taurin kai a wannan lokacin ba sabon abu ba ne. Ƙa'idar horon kuwa ita ce wadda masanin ɗabi'a na Amurka, B. F. Skinner, ya yi fice a kanta: duk halin da lada ya biyo bayansa, dabba za ta maimaita shi. Minti 5 ya isa, sau biyu ko uku a rana, kafin ya ci abinci. Ka ɗebi ladan daga cikin abincinsa na ranar don kada ƙiba ta kama shi.

Ka koya masa "zauna" ma. Ka riƙe ladan daidai hancinsa, ka ɗaga a hankali zuwa bayan kansa. Yana bin hannunka da ido, gindinsa zai sauka ƙasa da kansa. Yana taɓa ƙasa ka ba shi. Kada ka danna bayansa. Kuma tunda yana fita, ka tabbata an yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake farawa daga wata 3.

Wata ta ƙara da cewa:

Maganar ɗanewa jikin baƙi, ku haɗa kai a gidan. In kai ka hana, yara kuma suna dariya suna rungumarsa, aikin banza ake yi. Ya ɗane, kowa ya juya masa baya shiru, sai ƙafafunsa huɗu sun sauka ƙasa a kula shi. Jan igiya kuma, yana ja ka tsaya cak, igiya ta yi sako-sako ku ci gaba. Kalma ɗaya kowa zai riƙa amfani da ita, ba wannan ya ce "zo" wancan ya ce "taho" ba.

Mai tambaya ya dawo bayan kwana huɗu:

Allah Ya saka muku da alheri. Na bar dukan. A ɗaki yanzu yana zuwa duk kiran da na yi, har ya fara zama. A tsakar gida ne in ya hango kyanwa ko kallona ba ya yi. Malam, in koma ɗaki da shi, ko in ci gaba a nan da doguwar igiyar?