"Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi": shin ana nufin a zauna ba shugaba?

Usman ɗalibi, Kasala

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina roƙon a raba mana gardama ni da wani abokin karatuna a kan karin maganar da muka taso muna ji a bakin kakanninmu, wato "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi." Tun da yaƙin Sudan ya raba mu da jami'a muka dawo garin Kasala, ba mu da sana'ar da ta wuce karatu da musu, kuma cikin abin da ya faɗo hannunmu akwai aƙidar siyasar da Turawa ke kira anakizim. Wasu marubutan Larabci sun fassara ta da "faudawiyya", wasu kuwa suka ce wannan fassara sharri ce, tunda fauda hargitsi ne, suka zaɓi "lasulɗawiyya". Asalin kalmar Girkanci ne, kuma ma'anarta rashin mai mulki. Masu wannan ra'ayi suna cewa gwamnati da sojanta da kurkukunta da harajinta ba dole ba ne, mutane za su iya tsara zamansu bisa yarjejeniya da taimakon juna, unguwa ta haɗa kai da unguwa, gari da gari, ba tare da an bai wa wani ikon tilasta wa wani ba. Wani Bafaranshe mai suna Furudon ne ya fara kiran kansa da wannan suna a 1840. Ni na ce Bahaushe ya riga shi, domin karin maganar nan ita ce aƙidar a dunƙule. Abokina ya ce na ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Malam Haruna, Mai Wurno

Wa alaikumus salam. Ɗana Usman, abokinka ya fi ka gaskiya, amma ka yi tambaya mai kyau. Karin magana ana auna ta ne da wurin da ake faɗarta. Ni dai ban taɓa jin an faɗi wannan ba sai a wurin karawa: samari sun taru sun kayar da ƙaton da ya gagari kowannensu shi kaɗai, ko tururuwa ta yi wa maciji taron dangi, ko talakawa sun tsaya kai da fata har mai iko ya janye maganarsa. Magana ce ta ranar gwabzawa, ba ta ce komai ba a kan wanda zai raba gado ko ya yanke rikicin iyakar gona washegari.

Sa'an nan ka dubi kalmomin da kansu. Da Bahaushe ya tashi yabon jama'a, bai sami abin da zai kira ta da shi ba sai "sarki". Mu mutane ne da mahauta suke da sarkin fawa, manoma suke da sarkin noma, masunta suke da sarkin ruwa, har makafi ma sai da suka naɗa nasu. Duk inda Hausawa suka yada zango a hanyar Makka, kafin a gama kafa bukkoki an san wane ne sarkin zango. A fahimtata ma "sarkin yawa" yana iya zama mutum ɗaya, wato shugaban da jama'a ke bayansa, kuma shi ne ya fi wanda ba shi da abin dogaro sai takobi. In haka ne, karin maganar gargaɗi ce ga sarakuna. Kada ka manta da yadda aka yi garin da nake rubuto maka daga cikinsa. Kakanninmu sun ƙi zama ƙarƙashin Nasara, amma da suka tashi, bayan Sarkin Musulmi Attahiru suka bi, kuma da aka kashe shi a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno suka bi har bakin wannan kogi na Shuɗin Nilu a Sudan. Sun guje wa wani mulki ne a ƙarƙashin tutar wani shugaba.

Hajiya Rabi, Gadarif

Malam, Allah ya ƙara sani. Ban yi karatun da kuka yi ba, amma ina da abin cewa, domin na ga sarkin yawa da idona. Lokacin da birnin Madani ya faɗi a yaƙin nan a watan Disamba na 2023, mutane suka kwararo mana nan Gadarif, makarantu suka cika, gidajenmu suka cika. Ba wata hukuma da ta kira mu ta ce mu dafa. Mata ne muka haɗa tukwane muka buɗe takiyya a unguwa, wato wurin dafa abincin sadaka, samari suka ɗauki ɗebo ruwa da itace, 'ya'yanmu da ke Jidda da Riyad suna turo abin da ya sawwaƙa ta waya, mu sayi adas da ful da gawayi. Haka aka yi a unguwannin Hartum da Omdurman, inda matasa suka kafa ɗakunan agajin gaggawa tun farkon yaƙin a Afrilun 2023, yawancinsu kuma daga kwamitocin unguwa suka fito, waɗanda suka yi tsayuwar daka har Shugaba Umar al-Bashir ya sauka a 2019. Wannan ba sabon abu ba ne, shi ne nafir na mutanen ƙasar nan, wanda mu muke kira gayya. Saboda haka ban yarda cewa karin maganar ta ranar faɗa ce kawai ba, Malam. Ciyar da ɗaruruwan baki kullum wata da watanni ba kokawar yini ɗaya ba ce, kuma a duk tsawon lokacin sarkin ƙarfi yana can yana abin da ya dame shi.

Sai dai, ɗana Usman, kada ka yi saurin murna. A takiyyarmu ba sarauniya, amma akwai mai riƙe littafin lissafi, kuma akwai wadda in ta ce tuwo ya ƙare, to ya ƙare. Ana cewa tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ni tambayata ita ce, wannan maɗauri mutum ne ko alkawari ne?

Usman ɗalibi, Kasala

Na gode Baba Malam, na gode Hajiya. Tambayar Hajiya ita ce gindin maganar baki ɗaya. Masu wannan aƙida ba su ce kada a saurari wanda ya fi sani ba. Bakunin, Barashen da ya yi ta sa-in-sa da Kal Maks har aka kore shi daga ƙungiyar ma'aikata ta duniya a taron birnin Heg na 1872, ya nuna cewa a sha'anin takalmi yakan koma ga baduku, amma ba ya bai wa badukun damar ya tilasta masa. Abin da suke ƙi shi ne ikon da ba ka da hanyar fita daga ƙarƙashinsa, wanda ke da dogarai. Sarkin fawan da mahauta za su iya juya wa baya in ya karkace, da mai littafin Hajiya wadda za a iya karɓe littafin daga hannunta gobe, ba su ne abokan gabarsu ba. Shi kuwa Kurofotkin, ɗan sarautar Rasha ne da ya yi shekaru yana binciken ƙasa a Saberiya, kuma a littafinsa na 1902 ya kawo hujjar cewa taimakon juna ya raya halittu da al'ummomi kamar yadda gasa ta yi, ko ma fiye. Da ya ga takiyyar Gadarif, da ya ce ga abin da yake faɗa.

Ba ma sai mun je Turai ba. Ƙabilar Nuwer ta Sudan ta Kudu sun daɗe ba su da sarki, kuma Baturen da ya zauna cikinsu ya rubuta a 1940 cewa zamansu rashin mulki ne mai tsari. In an yi kisa, wani mai sulhu da ake kira mai fatar damisa ne yake shiga tsakani har a biya diyya da shanu, alhali ba shi da soja ko ɗaya. Judiyyar da ajawid, wato dattawa masu shiga tsakani, ke yi a yammacin ƙasar nan ma ai sulhu ne da ake yi da mutunci da kunya. Ibo da Tibi a Nijeriya su ma yawancinsu ba sarakuna gare su ba, har sai da Ingilishi suka ƙaƙaba wa Ibo hakimai na takarda, abin da ya taimaka wajen tayar da boren mata na Aba a 1929.

Alhaji Abdullahi, Jidda

Ƙanena Usman, ni direba ne, shekaruna da yawa ina jigilar alhazai, kuma abin da na koya shi ne yawa ba ya da ido. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a turmutsitsi cikin ramin Mina, kuma ba wanda ya je can da nufin cutar da ɗan'uwansa. Dukansu masu niyyar alheri ne. Abin da ke tsare rayuka a wurin jifa shi ne wani ya ce ku ku bi nan, ku kuma ku dakata sai bayan la'asar, kuma ya kasance yana da ikon hana wanda ya ƙi. Karin maganar ta ce yawa ya fi ƙarfi, ba ta ce ya fi hankali ba.

Injiniya Sale, Sinnar

Ina goyon bayan Alhaji, kuma zan kawo misali daga aikina. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, noman ban-ruwa na yankin Jazira ya rataya ne a kan abu ɗaya, wato ruwa ya isa ga manomin da ke wutsiyar magudana kamar yadda ya isa ga na bakinta. Na bakin magudana ba mugu ba ne, amma in audugarsa ko alkamarsa tana jin ƙishi zai buɗe ya sha ya ƙoshi, na ƙarshe kuwa ko oho. A gayya kowa yana ganin kowa, kunya tana aiki. Magudanar da ta ratsa ƙauyuka masu yawa kuwa, wanda ya cuce ka ba ka ma san fuskarsa ba. Dokar 2005 ta miƙa kula da ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa, kuma duk wanda ya yi noma a can ya san irin kukan da aka yi da ciyawa da laka da suka toshe hanyoyi. Zan yi adalci in ce an sakar musu nauyi ne ba tare da kuɗi da kayan aiki ba, don haka ba hujja ce yankakkiya ba. Akwai ma inda manoma suka iya: a Balansiya ta Sifaniya, kotun ruwa ta manoma tana zama duk ranar Alhamis a ƙofar babbar majami'ar garin tun ƙarnoni da suka wuce. Amma ita ma tana cin tara, kuma wanda aka ci dole ya biya.

Tunda na ambaci Sifaniya, can ne aka gwada aƙidar Usman da gaske. A 1936 ma'aikata suka karɓe masana'antu da taragun cikin gari a Basalona, manoman Aragon suka haɗa gonaki, kuma abin ya yi tafiya fiye da yadda maƙiyansu suka zata. Amma yaƙi ya matsa, kuma a Nuwamban wannan shekara mutum huɗu daga ƙungiyarsu ta CNT suka karɓi muƙamin minista a gwamnatin da aƙidarsu ta ce a rushe. A 1937 aka yi ta harbe-harbe tsakaninsu da 'yan gurguzu a titunan Basalona, a 1939 kuma Janar Faranko ya cinye ƙasar duka. A wannan karon sarkin ƙarfi ne ya yi nasara.

Usman ɗalibi, Kasala

Yaya Injiniya, na karɓi maganar magudana, ba ni da amsarta yanzu. Amma a batun yaƙi ina da ja. Waɗanda suka raba mu da gidajenmu ba rashin gwamnati ne ya haife su ba, gwamnati ce ta tara musu makamai da kuɗin jama'a. In aka ce muna buƙatar mai bindiga ya tsare mu daga mai bindiga, to wa zai tsare mu daga na farkon?

Malam Haruna, Mai Wurno

Wannan tambaya ta girme ka, ɗana, ta girmi Furudon ma. Ibn Haldun ya ambaci cewa Al-Asamm daga cikin Mu'utazilawa da wasu Hawarijawa sun tafi a kan cewa naɗa shugaba ba wajibi ba ne matuƙar mutane sun tsayar da adalci a tsakaninsu, amma jumhurun malamai sun saɓa musu, kuma hadisi ya zo cewa in mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Sai dai waɗannan malamai su ne kuma suka karantar da mu cewa ba a yi wa abin halitta biyayya a cikin saɓa wa Mahalicci, kuma Shehu Usmanu bai raga wa sarakunan Hausa ba a kan jangali da ƙwace dukiyar talakawa. Saboda haka "Bin na gaba bin Allah" ita ma tana da iyaka. Na janye abu ɗaya saboda Hajiya: na yarda ana iya faɗar karin maganar a wurin aiki, ba a fagen karawa kaɗai ba. Amma cewa tana nufin a zauna ba shugaba, wannan ban janye ba.

Hajiya Rabi, Gadarif

Na gode Malam. Usman, ga wani abu da za ka kai wa abokinka ku yi musu a kansa. Bayan 'yan watanni aka fara gunaguni cewa mai riƙe littafinmu ta daɗe, har wasu suna ce mata "gwamnati" a bayan idonta. Da maganar ta kai kunnenta, sai ta kawo littafin da jakar kuɗin ta ajiye a tsakiyar tabarma ta ce a riƙa karɓa-karɓa, kowace mace mako ɗaya. Muka yi na'am. Ta farko ta yi makonta, ta biyu ta yi kwana uku ta ce lissafi yana hana ta barci, ta uku kuwa da aka aika mata sai ta ce maigidanta bai yarda ba. Ranar Juma'ar da ta biyo baya mu bakwai muka ɗauki littafin muka tafi gidan tsohuwar mai riƙon muna ba ta haƙuri, kuma ba ta karɓa ba sai da muka yarda cewa duk ƙarshen mako za a karanta lissafin da ƙarfi a gaban kowa.