Marasa lafiya ba sa jin Turanci, ni kuma ba na jin Sifaniyanci, ya zan yi?

Ummi_Rikkos:
Salam jama'a, don Allah masu aikin asibiti ku ba ni shawara. Ina karatun nas a Houston jihar Texas ta Amurka, yanzu na zo hutu gida Jos, watan Janairu zan koma zagaye na biyu na fostin, wato koyon aiki a asibiti. Asibitin da aka tura mu wallahi da yawa daga waɗanda nake dubawa 'yan asalin Meziko ne da su Honduras, tsofaffin ko gaisuwa da Turanci ba sa iya mayarwa. Akwai wata tsohuwa mai ciwon suga, na je gwada mata jini da asuba ta riƙe min hannu tana ta magana tana dafa ƙirji, ni kuma sai murmushi ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, ashe cewa take ƙirjinta ya mata nauyi tun dare. Allah ya sa malamata ta shigo ta turo kwamfutar tafinta mai taya, nan da nan aka kira likita. Ranar na sha faɗa, a banɗaki na yi kukana. To in zage in koyi yaren ne ko in dogara da tafinta kawai? Ga NCLEX, jarrabawar samun lasisin aikin nas, tana jirana kuma.

AntiNas_Gangare:
Wa'alaikissalam 'yata. Share hawayenki, ba rashin jin yaren ne laifinki ba, gyaɗa kan nan ne, don ita tsohuwar ta ɗauka saƙonta ya isa. Mu nan Filato ai kullum cikinta muke, ana ganin kowa na jin Hausa amma bari a kawo miki tsohuwa daga ruga ko daga ƙauyen Berom ko Tarok, Hausar kasuwa gare ta, ta iya cinikin dankali amma ba ta iya faɗa miki yadda ciwo ke mata ba. Na taɓa karɓar wata Bafulatana, ɗanta ɗan shekara kamar 14 ne ke mana tafinta, duk abin da na tambaya sai ya sunkuyar da kai ya ce cikinta ke ciwo. Sai da na je na nemo wata mai shara da ke jin Fulatanci sannan muka gane jini take zubarwa kwana uku. Yaro zai iya faɗin wannan a kan uwarsa? Ita ma ba za ta faɗa a gabansa ba ko za ta mutu. Tun daga ranar na daina saka 'ya'ya tafinta a maganar mata.

Dakta_Kubwa:
Ƙanwata ki koya, amma ki san inda za ki tsaya. A Kuba na yi karatun likita, makarantar ELAM da aka buɗe a Havana a 1999, watanni muka kwashe muna koyon yaren kafin a fara karatun kansa, kuma duk da haka ranar farko a gaban mara lafiya zufa na yi ta yi. Abin da za ki iya a hutun nan: gaisuwa, faɗin sunanki, ¿dónde le duele? wato ina ne ke miki ciwo, ƙirga 0 zuwa 10 saboda auna zafin ciwo, sai kalmomin da in kin ji ba jira, irin su pecho ƙirji, sangre jini, no puedo respirar na kasa numfashi. Babba kuma usted za ki ce masa ba tú ba, kamar yadda ba za ki ce wa Baba kai ba sai dai ku.

Amma bayanin magani da sa hannun yarda da tiyata da sallama, wannan na tafinta ne, ko da kin ji bakinki ya fara faɗawa. Rabin sani shi ke kashe mutum a nan. A 1980 a Florida an kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume, danginsa suka ce intoxicado, su nufinsu wani abu ya ci ko ya sha ya ɓata masa jiki, aka ɗauka ƙwaya ya yi wa yawa, alhali jini ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a farga hannu da ƙafa sun shanye, diyyar dala miliyan 71 aka yi. Kuma kalmar once da ke jikin kwalbar magani, a Turanci sau ɗaya ce, a Sifaniyanci 11 take nufi, ki yi tunani. Sannan dokar kare haƙƙin jama'a ta Amurka ta 1964 ita ta sa asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya dole ya samar da tafinta, haƙƙin mara lafiya ne, kar ki ji nauyin kira ko sau goma ne a dare.

Sadiq_Wuse2:
Ni dai ban san aikin nas ba amma ba ga Google Translate ba? Da shi nake ciniki da 'yan Sin lafiya lau.

Ummi_Rikkos:
Yaya Sadiq kai in ya yi kuskure kwali ɗaya za ka yi asara ai 😂 an hana mu amfani da shi a maganar magani. Anti na gode, Dakta na kwafe kalmomin a littafina. Tambaya ɗaya kuma, zagayen da zan shiga na sashen haihuwa da yara ne, kuma ina yawan ganin jariransu da jan zare a hannu, na mene ne?

Dakta_Kubwa:
Na mal de ojo ne, kambun bakansu kenan, kamar dai layar da kakanninmu ke ɗaura wa yara. In ya tare inda za ki sa allura ki kira tafinta ki nemi izinin uwar a mayar ɗaya hannun, kar ki kuskura ki sa almakashi.

AntiNas_Gangare:
Ashe ko'ina da nasu. Ummi in kin shigo Terminus ki leƙo Gangare kafin ki koma, akwai yaji da daddawa da zan haɗa miki.