Windows 7 na kunna DVD kyauta, me ya sa Windows 10 ke neman kuɗi?

Ɗan Sabon Gari: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A Windows 7 faifan DVD na kunnuwa da Windows Media Player ba tare da an sayi komai ba. A Windows 10 sai an sayi wata manhaja, bidiyon iPhone ma wani lokaci murya kawai ke fita babu hoto. Mece ce hujjarsu, kuma akwai mafita ta halal?

Mai Gyaran Kwamfuta: Wa alaikumus salam. Maganar lasisi ce, ɗan'uwa. Hoton DVD da tsarin MPEG-2 aka matse shi, sautin kuma galibi da Dolby Digital, kowanne da masu haƙƙinsa da ake biya kan kowace kwafin Windows. To a Windows 7 ma ba kyauta ba ne, kuɗin yana cikin farashin. Da kwamfutoci marasa gurbin faifai suka yawaita, Microsoft ta cire damar kunna DVD a Windows 8 a 2012, ta ce mai Windows 8 Pro da ke so ya sayi Media Center Pack, ƙarin manhajar kallon bidiyo, dala 9.99. A 2015 ta kashe Media Center ɗin gaba ɗaya, ta fito da Windows DVD Player a dala 14.99. Abin da ban ga hujjarsa ba shi ne, haƙƙin MPEG-2 na ƙarshe a Amurka ya ƙare tun 2018, farashin bai motsa ba.

Kada ka saya. Sauke VLC, manhajar kunna bidiyo ta kyauta, daga videolan.org, ba daga shafukan "codec pack" masu cusa tallace-tallace ba. Sa faifan, danna Ctrl+D, zaɓi DVD, sai Play. In ya tsaya cak a farko, koma ka sa alama a "No disc menus".

Hajiya Mai Edita: Malam ya gama da DVD. Na iPhone daban ne. Tun iOS 11 a 2017 wayar ke ɗauka da HEVC, wani tsarin matse bidiyo, Microsoft kuma na sayar da manhajar karanta shi, HEVC Video Extensions, senti 99. VLC zai kunna, amma wasu manhajojin haɗa bidiyo da waccan manhajar ta Windows suke dogara, su VLC bai warkar da su ba. Ko dai a biya, ko a juya fayil ɗin da manhajar HandBrake: zaɓi Fast 1080p30, bar RF (ma'aunin ingancin hoto) a 22, zai fito a tsarin H.264 da kusan kowace na'ura ke karantawa. Don gaba, a wayar shiga Settings, Camera, Formats, zaɓi Most Compatible. Sai dai fayil zai ƙara nauyi sosai, kuma 4K mai firam 60 sai da HEVC.

Ka duba kwamfutar kafin ka kashe ko sisi. Processor na Intel ƙasa da ƙarni (generation) na 6 ba shi da cikakken injin warware HEVC, bidiyon HDR mai bit 10 kuwa sai ƙarni na 7. Tsohuwar tokumbo za ta yi ta sarƙewa, fanka na ihu, ko an biya.

Mai Gyaran Kwamfuta: Haka ne Hajiya. Na manta maganar shiyya, wato yankin duniya da aka ƙayyade wa kowane faifan DVD: faifan Amurka shiyya ta 1 ne, na Turai ta 2, Najeriya ta 5. Sau 5 kacal na'urar karanta faifan ke yarda a canza mata shiyya, daga nan ta kulle a ta ƙarshe, ko an sake sa Windows. In saƙon canza shiyya ya fito, a rufe shi a gwada VLC tukuna.