Ƙauyen da gandun kwakwar manja ya kewaye: ta ina kuɗi ke shiga, ta ina yake fita?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar. Idan ƙaramin ƙauye ya tsinci kansa a tsakiyar babban gandun kwakwar manja na kamfani, da me mutanensa ke rayuwa? Na biyu, idan kamfanin ya ce zai ba manoma dashe da taki bashi, su dasa a gonakinsu, ya riƙa sayen amfanin yana cire kuɗinsa, shiga ya fi ko a tsaya gefe? Don Allah a yi mini bayani da adadi, don "akwai alheri a ciki" na ji ta har na gaji.

Malamin Gona ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin maganar kuɗi sai ka san lokutan bishiyar, don su ke juya garin gaba ɗaya.

Dashe yana yin kusan wata 12 a wurin raino kafin a kai shi gona. Ana dasa 143 a hekta ɗaya, tazarar mita 9 tsakaninsu, a jere mai kusurwa uku. Daga nan sai an yi wata 30 zuwa 36 kafin a fara yanka, kuma nonon farko, wato curin 'ya'yan kwakwa da ake yankewa, ƙanana ne, kilo 3 zuwa 5. Bishiyar ba ta kai ƙarfinta sai wajen shekara ta 8, lokacin nono ɗaya zai iya kai kilo 15 zuwa 25. A wajen shekara 25 ta yi tsawon da lauje mai dogon sanda ba ya kaiwa da sauƙi, sai a sare a sake dashe. Ka ga akwai shekara uku na farko da ba ko kwabo, sannan akwai wasu shekara ukun da ke jiran mutum a can gaba.

Abu na biyu shi ne wanda ya ɗaure manomi da kamfani. Ana zagaya gona yanka duk kwana 10 zuwa 14, kuma alamar nuna ita ce 'ya'yan sun fara saki suna zubowa gindin bishiya. Da zarar an yanke nono, man da ke ciki ya fara tsami, musamman inda ya ƙuje. So ake ya isa injin matsa cikin awa 24, in ya yi nisa 48, domin masu sayen manja a babbar kasuwa ba sa son tsaminsa ya haura kashi 5 cikin 100. Mai hatsi zai iya zuba kayansa a rumbu ya jira farashi ya tashi. Mai kwakwa ba shi da wannan damar. Duk wanda ke da injin da mota za ta iya kaiwa a ranar, shi ne kasuwarka, ko kun yi yarjejeniya ko ba ku yi ba.

Kuɗin garin kuma ta hanya uku yake shigowa: albashin ma'aikatan gandu, kuɗin kwakwar ƙananan manoma, sai abin da masu shago, masu abinci, masu babur, masu walda da masu faci ke samu daga waɗancan biyun. Kada kowa ya ruɗe ka da maganar aikin yi. Gandun da ya girma yana buƙatar kusan mutum ɗaya ne a kowace hekta 8 zuwa 10, wato hekta 5,000 za ta ɗauki mutum 500 zuwa 600 da 'yan kai. Lokacin share daji da dashe ne ake ɗibar mutane da yawa, in an gama a sallami mafi yawansu.

Mai Sikeli ya amsa:

Malam ya kawo tushen. Ni zan tsaya a kan inda kuɗin manomi ke zurarewa, wato tsakanin gona da takardar biya.

Farashin tan ɗaya na nono ba daga sama ake faɗinsa ba. Ana ɗaukar farashin manja, a lissafa da yawan man da ake samu a tan, a ƙara kuɗin ƙwallon ciki da ake yin alayyadi da shi, sannan a cire kuɗin sarrafawa da dako. Inji mai kyau da kwakwa mai kyau yana fitar da mai kashi 20 zuwa 23 cikin 100 na nauyin nono, ƙwallo kuma kashi 4 zuwa 5. To tambaya ta farko ga kamfani ita ce: da wane adadi kuke lissafa wa manomi, kuma wa yake duba shi? In inji yana fitar da 22 ana biyanka a kan 19, an ci maka kusan kashi ɗaya cikin bakwai na kuɗin man ba ka sani ba.

Sai tantancewa a bakin inji. Ana zube kayan, ma'aikaci ya bi yana warewa: ɗanye, wanda ya wuce nuna, ruɓaɓɓe, wanda ɓera ya ci, mai dogon kara, mai yashi da ƙasa. Kowanne da ragin da ake yi masa, ɗanye ma sau da yawa mayar maka da shi za a yi. Wani ragin laifin manomi ne, gaskiya. A yanke kara gajere, kada ya wuce faɗin yatsu biyu. Kada a yanka ɗanye don ana son kuɗi kafin ƙarshen wata. A tsince 'ya'yan da suka zube duka, a zuba su a buhu daban ba tare da ƙasa ba, don su suka fi kowane ɓangare mai. Amma akwai ragin da ke ƙaruwa haka kawai a watannin da kwakwa ta yi yawa kuma injin ya cika, kuma wannan ba a maganinsa sai ƙungiyar manoma tana da wakili a tsaye wurin tantancewa, da littafinta.

Ɗauki mai hekta 2 da ke samun tan 15 a hekta. Tan 30 ke nan a shekara. Ragin kashi 5 kawai ya kwashe tan ɗaya da rabi, fiye da yankan zagaye guda. In kuma ana cire kashi 30 na bashi, kamar yadda aka yi a shirye-shiryen ƙananan manoma na Indonesiya, tan 9 ya tafi can. Abin da ya rage shi za a biya mai yanka, mai dako da taki.

A takardar yarjejeniya a duba waɗannan da idon basira: jimillar bashin a rubuce tun farko, ruwan da ke kansa da ko yana taruwa a shekarun da ba a yanka, ranar biya bayan kai kaya, da abin da zai faru in kamfani ya ƙi karɓar kaya ko motarsa ba ta zo ba. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa, shi ne kuma ke kashe mutane da damina, lokacin da hanya ta lalace kaya ya kwana uku a bakin titi.

Uwar Gida Mai Lissafi ta amsa:

Malamai kun yi maganar bishiya da sikeli, bari in shiga cikin gida.

Irin wannan garin yana numfashi ne da ranar albashi. Kwana uku zuwa biyar bayan biya kasuwa cike take, 'yan tireda daga waje sun zo da atamfa, waya da kayan roba, farashi ya ɗan hau. Zuwa tsakiyar wata sai littafin bashi na mai shago. Shi mai shagon ma jarinsa a hannun mutane yake, don haka yana ɗora wani abu a kan kaya saboda waɗanda ba za su biya ba. In kamfani ya yi jinkirin albashi sati biyu, ba ma'aikaci kaɗai ke shiga uku ba, har mai shago da mai tuya da mai ɗinki.

Aikin mata a gandu shi ne tsintar 'ya'yan da suka zube, watsa taki, cirar ciyawa da feshi, kuma yawanci na ranaku ne, ba na dindindin ba. Inda ake biyan mai yanka bisa nauyin da ya kawo, za ka ga matarsa da yaransa suna binsa da buhu suna tsinta don ya cika ma'auni, sunansu ba ya cikin kowace takarda. Feshi kuma ba wasa ba ne. Akwai maganin ciyawa irin su paraquat da Tarayyar Turai ta daina yarda da shi tun 2007 saboda haɗarinsa. Mai feshi na buƙatar safar hannu ta roba, takalmin ruwa, abin rufe hanci da ruwan wanka a wurin, kuma mai juna biyu ko mai shayarwa ba ta da abin yi da tankin feshi.

Shawarata ga Ɗan Birni: ko za a shiga, kada a ba kwakwa dukkan ƙasa. Garin da ya daina noma abincinsa ya koma sayen komai daga waje, kuɗin kwakwa ya shigo da safe ya bi motar 'yan kasuwa da yamma. A bar wa abinci aƙalla kashi ɗaya cikin uku na gona, har da fadama in akwai. A shekara biyu zuwa uku na farko ana iya shuka masara, wake ko gyaɗa a tsakanin layuka, a bar fili mita ɗaya da rabi zuwa biyu kewaye da kowane dashe. Bayan nan inuwa ta rufe, ba abin da zai yi kirki a ƙasa.

Ɗan Birni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. To in mutum ba ya son bashin, ba zai iya tono dashen da ke fitowa a gindin bishiyoyin gandu ya dasa ba? Ai iri ɗaya ne.

Malamin Gona ya amsa:

A'a Malam, nan ne aka fi yin asarar da ba ta gyaruwa. Irin da ake shukawa a gandu sunansa tenera, kuma haɗi ne tsakanin dura mai kaurin ɓawon ƙwallo da pisifera marar ɓawo. In ka shuka 'ya'yan tenera, rabi ne kawai za su fito tenera. Kashi ɗaya cikin huɗu dura ne, mai ƙarancin tsoka da mai, sauran kashi ɗaya cikin huɗun pisifera, wadda yawanci nononta ke lalacewa kafin ya nuna. A hekta ɗaya kana maganar bishiya kusan 36 da za su ci taki su tare wuri a banza. Kuma duk kamarsu ɗaya suna ƙanana, ba za ka gane ba sai bayan shekara uku, in ka fasa ɗan kwakwa ka ga ɓawon. A sayi iri daga cibiyar bincike ko kamfanin iri mai rajista, a karɓi takardar shaida. In bashin kamfani shi ne kaɗai hanyar samun irin gaskiya, to wannan ɓangaren bashin ya cancanci a ci.

Taki ma haka. Kowane tan na nono da ya bar gona ya tafi da kusan kilo 3 na naitirojin da kusan kilo 4 na fotash. Matsalar ita ce in ka hana taki bana, bishiyar ba ta nuna maka a bana. Tun kusan shekara biyu kafin yanka take yanke ko furen zai zama mace ko namiji, don haka mutum ya sayar da takin da aka ba shi, ya ga yanka bai ragu ba, ya ɗauka dabara ya yi, sai shekara ta zagayo sau biyu gona ta cika da furen maza. Ganye na faɗa maka tun da wuri: ɗige-ɗige ruwan lemo a tsofaffin ganye ƙarancin fotash ne, ganyen ƙasa da ya yi rawaya a ɓarin da rana ke duka magniziyam ne, sabon ganye mai lanƙwasasshen baki kamar ƙugiya boron ne. A raba takin kashi biyu a shekara, a zuba lokacin da ƙasa ke da laima, ba cikin ruwan sama mai ƙarfi ba. A roƙi kamfani sauran nonon da aka sussuke a shimfiɗa a gona, yana mayar da fotash yana riƙe laima.

Hajiya, a kan shuka tsakanin layi na yarda, amma a kiyayi rogo kusa da dashe, yana cin fotash sosai yana kuma jawo ɓeraye.

Tsohon Akawu ya amsa:

Ni ban ga laifin shirin a kan kansa ba. FELDA, hukumar raya ƙasa ta Malesiya da aka kafa a 1956, ta zaunar da iyalai marasa ƙasa a kan kusan hekta 4 kowanne, da yawansu sun biya bashi sun mallaki gonar. Indonesiya tun 2007 ta wajabta wa kamfanoni ware kashi 20 cikin 100 na faɗin gandu domin manoman yankin, ko da yake rigima a kan cika wannan alkawarin ba ta ƙare ba. Abin da ke raba mai kyau da marar kyau shi ne sunan wa ke kan takardar ƙasa. In kamfani zai riƙe ta jingina, a rubuta ranar da za ta dawo da sharaɗin dawowarta, kowane manomi ya riƙe kwafi, a kuma auna iyakar kowace gona a gaban maƙwabta.

Farashi kuma ba a hannun kamfanin ƙauyenku yake ba. Indonesiya da Malesiya ke samar da kusan kashi 85 cikin 100 na manjan duniya. Da Indonesiya ta hana fitar da shi na 'yan makonni a watan Afrilu zuwa Mayun 2022, tankunan injina suka cika, farashin nono ya faɗi warwas a hannun ƙananan manomanta. Saboda haka a nemi cirar bashi ta zama kaso na abin da aka sayar, kada ta zama tsayayyen kuɗi duk wata.

Sai tanadin sake dashe. Ƙungiya ta riƙa cire wani ɗan abu a kowane tan tun daga shekarar da aka gama biyan bashi, a asusun da sai da sa hannun mutum uku ake taɓawa. In lokacin ya zo kada a sare gonar gaba ɗaya, a yi rabi, sai ya fara haihuwa a sare ɗaya rabin. Kututturan da aka sare kuma a daddatse su ƙanana a baza, don in an bar su a tare ƙwaro mai ƙaho na hayayyafa a ciki ya koma yana huda zuciyar sabon dashe.