Wai daga ina "OK" ta fito? Gardama a zauren 'yan uwa

Auta: Salamu alaikum. Ku ji abin da aka turo mini: wai asalin OK shi ne "0 killed", wato ba a kashe kowa ba. A yaƙin basasar Amurka, in sojoji sun dawo lafiya sai a rubuta 0K a allo. Ashe maganar yaƙi muke ta yi ba mu sani ba!

Yaya Malam: Wa alaikumus salam. Ke Auta, komai aka turo miki sai ki haɗiye. An fara yaƙin nan a 1861, aka gama a 1865. OK kuwa ta fito a jaridar Boston Morning Post ranar 23 ga Maris, 1839, shekara 22 kafin a harba harsashin farko. Yaushe ɗa ya girmi ubansa?

Auta: To me take nufi a jaridar?

Yaya Malam: "All correct", wato komai daidai. A lokacin samarin Boston na yayin gurɓata rubutu da gangan don raha, sannan su taƙaita shi. Sai su rubuta "oll korrect", su ɗauki O da K. Har da KY, wato "know yuse" a madadin "no use", ba amfani. Kamar dai yadda kuke cika mu da "ykk" da "lfy". Sauran duk sun mutu. Ita OK siyasa ce ta raya ta: a zaɓen 1840 ana yi wa shugaba Martin Van Buren laƙabi da Old Kinderhook, daga sunan garinsu Kinderhook a jihar New York, magoya bayansa suka kafa OK Club. Ya sha ƙasa a hannun William Henry Harrison, kalmar ta zauna. Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ne ya tono wannan a 1963 da 1964.

Kawu: Ɗana, ka iya zuba. Amma ni ban yarda ba. Wolof na Senegal da Gambiya suna cewa "waw kay", wato e mana. Daga wannan yankin aka kwashi bayi masu ɗimbin yawa zuwa Amurka. Ba ni na ƙirƙira ba, masanin harshe David Dalby ya kawo wannan ra'ayi tuntuni. Kalmarmu ce aka ɗauka aka sa mata hula.

Yaya Malam: Allah ya ƙara girma, Kawu, kama da wane ba ta wane. Girkawa ma sun ce tasu ce, daga "ola kala". Mutanen Scotland sun ce "och aye" ce. 'Yan ƙabilar Choctaw, 'yan asalin Amurka, suna da "okeh", har shugaba Woodrow Wilson ya yarda da su, yana rubuta ta haka a takardun ofis. Kowa ya laluba harshensa zai sami mai kama. Mu ma muna rubuta "sun", ba mu ce mu muka ba Bature sunan rana ba.

Kawu: Tsaya. Hujjarka duk jarida ce. Wa ke riƙe da alƙalami a 1839? A jihohin kudu da dama doka ta hana a koya wa bawa rubutu, South Carolina tun 1740. Mutumin da aka hana allo, a ina zai bar maka shaida? Magana tana daɗewa a baki kafin ta hau takarda.

Yaya Malam: Wannan kam gaskiya ne, ban musa ba. Kuma akwai waɗanda suka tsallaka: "goober" da mutanen kudu ke kiran gyaɗa daga "nguba" ta harsunan Kongo da Angola take. Sai dai ita a kudu ta yi ƙarfi, inda bayin suke. OK a Boston ta ɓullo, can arewa, tare da 'yan uwanta na raha, kuma jaridar ta fassara ta da kanta a wurin.

Kawu: Editan ya ji ta a bakin wani ne, ya ƙaƙaba mata fassara.

Yaya Malam: Mai yiwuwa ne, Kawu. Amma "mai yiwuwa" ba ta cin shari'a.

Kawu: Ba a gaban alƙali muke ba.

Gwaggo: Ku kuna ta tonon asali, ni ma'anarta ta yau ce ta dame ni. Na rubuta wa wata yarinya a zauren nan nasiha mai tsawo, na ɓata rabin awa ina lalubar haruffa ba tabarau, ta amsa mini da "K". Harafi ɗaya tal!

Yaya Malam: Ai Gwaggo, ko su masu harshen suna ɗaukar "K" tsurarta a matsayin fushi ko gatse. "Okay" cikakkiya yarda ce, "ok" da ɗigo a ƙarshe ta fara sanyi. Kamar "to" ɗinmu: akwai ta na ji, akwai ta ja mai nufin sai me, akwai ta za mu haɗu.

Auta: Wallahi Gwaggo cajina ne ya kusa ƙarewa ranar.

Gwaggo: Ni na ambaci suna?

Auta: To, Gwaggo.

Gwaggo: Wace "to" ɗin ce wannan a cikin ukun?